Kwana Uku a Beppu, Garin da Ƙasa ke Dafa Abinci

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu ya gabatar a taron ƙarshen wata da aka yi a harabar makarantar Islamiyya, bayan sallar La'asar. Mun kawo muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, in ban da 'yan gyare-gyare.)

 

Mai girma wakilin Sarkin Hausawa, Allah Ya ja zamanin Sarki. Malam Liman, Allah Ya gafarta Malam. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu mata da ke zaune can baya, da ku matasa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tun da na dawo daga ƙasar Japan jama'a suke tare ni, a masallaci da kara da bakin titi. Wani ya ce da gaske ɗanyen kifi suke ci? Wani ya ce da gaske tsirara suke wanka? Har wata gyatuma ta aiko jikanta ya tambaye ni ko akwai goro a can. Na ga in na ce zan bi kowa gida-gida in ba shi amsa, bakina zai yi ciwo. Shi ya sa na roƙi shugaba ya ba ni ɗan lokaci in faɗa gaba ɗaya, kowa ya ji da kunnensa.

Dalilin tafiyar shi ne ɗan ƙanena marigayi, wanda da yawanku kun san shi, a hannuna ya tashi. Allah Ya ba shi gurbin karatu a wata jami'a da ake kira APU, a wani gari mai suna Beppu. Mu da bakinmu bai saba da harafin ba sai mu ce Beffu, duk ɗaya ne. Ya shekara uku bai zo gida ba, uwarsa ta hana ni sakat, ta ce sai na je na gano mata abin da yake ci da inda yake salla. A watan Nuwamba na shekarar 2024 na shirya na tafi. Kwana uku kacal na yi a garin, abin da na gani a cikinsu shi zan ba ku.

HANYA DA GARIN

Daga Ikko babu jirgin da zai kai ka Japan kai tsaye, sai ka sauya a hanya. Na sauka a Tokiyo, na sake hawa wani jirgin na kamar awa ɗaya da rabi zuwa jihar Oita, wadda ke tsibirin Kiyushu a kudancin ƙasar. Daga filin jirgi zuwa Beppu bai kai awa guda a bas ba. Suna gabanmu da awa 8, wato lokacin da kuke kiran Asuba a nan, su sun shiga Azahar. Ran Talata da dare na isa.

Da gari ya waye na leƙa ta taga, sai gabana ya faɗi. Hayaƙi fari fat yana tashi ta ko'ina, daga bayan gidaje, daga kan rufi, har daga cikin kwata a bakin titi. Na ce wa yaron, “Kai, gobara ake yi!” Ya yi dariya ya ce, “Baffa, ba gobara ba ce, tururi ne. Haka garin yake kullum.”

Ga yadda abin yake. Beppu gari ne na mutum dubu ɗari da 'yan kai, gabansa teku, bayansa duwatsu. Ɗaya daga cikinsu, Tsurumi, tsawonsa mita 1,375, kuma yana cikin duwatsu masu aman wuta. Ruwan sama yakan sauka kan duwatsun ya tsuma cikin ƙasa, ya yi shekaru yana tafiya, har ya iske zafin da ke can ƙarƙashi ya tafasa, sa'an nan ya ɓullo sama, wani a ruwa wani a tururi. Idanun ruwan zafi da ke garin sun haura 2,000, kuma duk faɗin Japan babu garin da ya kai shi yawan ruwan zafi. Sun kasa shi unguwanni takwas, kowace da irin ruwanta: wani fari kamar an dama koko, wani garai-garai, wani mai warin farar wuta. Sunan irin wannan ruwa a harshensu onsen.

Wanda ya taɓa zuwa Yankari ya san ruwan Wikki, mai ɗumi digiri 31. Wasunmu kuma sun je Ikogosi ta jihar Ekiti, inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa. To, waɗannan duk ruwan alwala ne in aka kwatanta. Na Beppu akwai wanda ya kai digiri 98, wanda zai saluɓe fatar mutum nan take.

MASAUKI DA MURHU

A unguwar Kannawa yaron ya kama mini ɗaki, a wani tsohon gidan baƙi na wata dattijuwa. Ni dai Iya nake ce mata, ta kuwa karɓa. Irin waɗannan gidaje suna da asali. Tun zamanin da, manoma in sun gama girbi sukan ɗauro 'yar shinkafarsu su zo su kama ɗaki, su yi mako biyu ko uku suna wanka da ruwan zafi don jiki ya warware, su dafa abincinsu da kansu. Da na ji wannan sai na tuna da masu gida na nan Sabo, waɗanda suke sauke fataken shanu da na goro, su ba su ɗaki, su tsaya musu a kan ciniki. Sana'ar sauke baƙo dai ɗaya ce ko'ina.

Ɗakin ba gado. Tabarma ce shimfiɗe wadda suke kira tatami, da dare a warware katifa a kai. Wannan bai zame mini baƙon abu ba. Inda na yi abin kunya shi ne wajen takalmi. Akwai silifa na cikin gida, akwai na banɗaki daban. Na fito daga banɗaki da nasa a ƙafata har tsakar gida. Iya ta dube ni, ta dubi ƙafata, ta rufe baki tana dariya. Ban sake ba.

Da na zo salla kuma na miƙe zan fuskanci gabas yadda na saba shekara sittin da wani abu, yaron ya kama kafaɗata ya juya ni. Ya ce, “Baffa, a nan Makka tana yamma da mu.” Allah mai iko.

Yanzu iyayenmu mata ku matso, nan ne wajenku. A bayan gidan Iya akwai wasu murahu na dutse a jere, kowane da murfin katako. Babu itace, babu gawayi, babu kananzir, babu gas. Bututu ne ya taso daga ƙasa yana kawo tururi mai zafin da ya kusa digiri 100. Sai ki jera cefanenki a kwando, ki zura cikin ramin, ki rufe, ki duba agogo. Wato dai madambaci ne, amma wutarsa ba ta mutuwa dare da rana. Duk wadda ta iya dambu ko alala ta riga ta iya girkin Kannawa.

Muka je kanti muka sayo ƙwai da dankalin Hausa da kabewa da masara da kabeji da kifi da jatan lande. Iya ta ba ni safar hannu ta roba mai kauri, ta nuna mini da yatsunta mintin da kowane abu yake buƙata. Ƙwai kamar minti goma, ganye ƙasa da haka, dankali wajen rabin awa. Ni kuwa da gaggawa na ɗaga murfi na leƙa da fuskata, tururi ya buge ni, tabarau ya rufe, na ja da baya ina salati. Ashe gefe ake tsayawa a bar tururin farko ya wuce.

Abincin da ya fito ba mai, ba yaji, ba albasa. Na ce a raina yau za a ci lami. Da na kai dankalin baki sai na ji zaƙinsa ya fito kamar an zuba zuma, kuma da ɗan gishiri-gishiri a jikinsa, domin tururin da kansa yana ɗauke da gishirin ƙasa. Na fito da ƙullin yajin ƙuli da uwar yaron ta ba ni, na barbaɗa a kan ƙwai. Iya ta ɗanɗana, ta yi tari har da hawaye, sa'an nan ta miƙo hannu a ƙara mata. Rabin ƙullin a wurinta na baro shi.

Wanda bai sauka a irin wannan gida ba, akwai wurin da hukumar gari ta buɗe a 2010 a nan Kannawa, inda kowa zai biya a ba shi murhu na ɗan lokaci ya dafa abin da yake so.

TAFKUNAN DA SUKE KIRA WUTA

Da yamma muka zaga wasu tafkuna guda bakwai da ake zuwa kallo. Suna kiran su jigoku, ma'anarsa Jahannama, Allah Ya tsare mu. Sunan ya samo asali ne tun lokacin da mutanen wurin suke gudun filayen, domin ba a noma su, ba a gini a kansu, ƙasa sai tafasa take yi.

Na farko shuɗi ne kamar an zuba shuni, kyakkyawa, sai ka ce ka faɗa ka yi iyo, alhali zafinsa digiri 98. Wani ja ne wur kamar jini saboda jan laka da ke ƙarƙashinsa, zafinsa digiri 78, kuma tun a ƙarni na 8 aka rubuta labarinsa a littafin tarihin yankin. Wani laka ce toka-toka tana ɓulɓula kamar talge. Wani kuma shiru yake yi, bayan kamar rabin awa sai ya feso ruwa sama da ƙarfi, har sai da aka gina masa rufin dutse don kada ya watsu a kan mutane. A wani wurin kadoji suke kiwo da ɗumin ruwan tun 1923. Na tsaya a bakin jan tafkin nan na yi shiru. Malam, wa'azin da kake mana a kan wuta, ranar ya shige ni ba tare da kowa ya ce uffan ba.

A gaban tashar jirgin ƙasa akwai mutum-mutumin wani tsoho ya ɗaga hannuwa sama. Sunansa Aburaya Kumahachi, kuma labarinsa ya shafe mu. Ba ɗan garin ba ne. An haife shi a 1863 a wani tsibiri daban, ya yi arziki a cinikin shinkafa a birnin Osaka, ya karye ƙarƙaf, ya tafi Amurka ya yi shekara uku. A 1911, yana dab da shekara hamsin, ya zo Beppu ya buɗe ɗan gidan baƙi. Shi ne a 1928 ya sa motocin bas suna zagawa da mutane tafkunan nan, da 'yan mata masu yi wa fasinja bayani, abin da ba a taɓa yi ba a Japan. Filayen da ake gudu suka zama abin neman kuɗi. Ya rasu a 1935, har yau kuma 'yan gari suna kiransa uban harkar baƙi a garinsu. Baƙo ne ya zo ya zauna, ya amfani wurin da ya sauka, suka riƙe shi nasu.

ABINCI DA TAMBAYA

Ran Alhamis da safe muka hau unguwar Myoban, can jikin dutse. Tun daga nesa warin farar wuta yake tarbarka kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Sai ga bukkokin ciyawa a jere, ka rantse rugar Fulani ce. A cikinsu ake shimfiɗa wata shuɗiyar laka a kan ƙasa mai tururi, a hankali wani gishiri ya tsiro a kai, a kankare a sayar don zubawa a ruwan wanka. Tun 1725 suke wannan sana'a, kuma a 2006 gwamnati ta sa ta cikin al'adun da ake karewa. A nan na sha wani haɗin ƙwai da madara da sukari da aka dafa da tururin ƙasa, mai ɗan ɗaci-ɗaci a ƙasansa. Na ci biyu.

Da rana muka gangara cikin gari neman abincinsu na ainihi, kuma a nan ne aiki yake ga Musulmi. Masu iya magana sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemo ka ɗaura. Gaskiya ne, amma akwai wutsiyar da ba ta ɗauruwa. Matsala biyu ce a girkin Japan. Ta farko naman alade, wanda yakan ɓuya a cikin romo ko da ba ka ga tsoka ba. Ta biyu giya, domin suna da wata mai zaƙi da suke kira mirin, da wata ta shinkafa, waɗanda suke zubawa a miya kamar yadda muke zuba daddawa. Ga kuma maganar yanka.

Yaron yana da wata 'yar takarda a aljihu, an rubuta da harshensu cewa ba ma cin alade, ba ma cin abin da aka sa wa giya. Mun shiga wani gidan abinci ina sha'awar wata miya da ake ji da ita a jihar, dango-jiru. Ƙullin alkama ne ake ja da hannu ya yi faɗi, a jefa cikin romon ganye da miso, wato daddawarsu ta waken suya. Mai gidan ya karanta takardar, ya shiga ciki, ya dawo ya sunkuya ya ce akwai alade a tukunyar yau, mu yi haƙuri. Ya yi asarar cinikin mutum biyu a kan ya faɗi gaskiya, har ya rako mu waje ya nuna mana wani gidan. Wannan abu ya tsaya mini a rai. Da dare kuma Iya ta dafa mini miyar da kanta da ganye zalla.

Abin da na ci da daɗi shi ne toriten, kazar da ake tsomawa a ƙullin fulawa da ƙwai a soya, abin alfaharin mutanen Oita. Wani abokin yaron ne ɗan Indunusiya ya soya mana da kazar halal, wadda ake samu a wasu kantuna saboda ɗalibai. Ana matsa mata wani lemon tsami da suke kira kabosu, wanda kusan duk na Japan a jiharsu ake nomawa. Akwai kuma taliyar sanyi mai tauri da ake ci da romo mai sanyi da naman sa da kabeji mai yaji, wadda ta shigo garin bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ita kallo na yi, don ban san wanda ya yanka san ba. Sannan laimar kwaɗi, wadda mu muke takewa a daji, su nomanta suke yi a jikin gungume su busar, kuma jihar Oita ce kan gaba a busasshiyarta.

To, ɗanyen kifi fa? Eh, suna ci, ni ma na ci. Yanka uku, da tsinke biyu a hannu ina fama. Ba ya ƙarni ko kaɗan, domin da safen aka kamo shi. Ba zan ce na fi son sa da bandar kifinmu ba, amma ban mutu ba, ga ni a gabanku. Ku tuna iyayenmu da suka fara saukowa ƙasar Yarabawa, su ma haka suka tsaya suna kallon amala da ewedu. Yau wa zai raba ɗan Sabo da amala? Ita kuwa gyatuma mai tambayar goro, a gaya mata babu. Wanda na tafi da shi na ci.

MAGANAR WANKA

Wanda ya ce suna wanka tsirara bai yi ƙarya ba. Maza daban, mata daban, amma a cikin kowane ɓangare ba a shiga ruwa da ko ƙyalle. Sai ka wanke jikinka tas a gefe tukuna, sa'an nan ka shiga kwarmin ruwan ka zauna tare da jama'a. Wannan wutsiya ce da ban ɗaura ba. Na gaya wa Iya addinina bai yarda in buɗe al'aura gaban wani ba. Ba ta ji haushi ba. Ta ce akwai ɗakin wanka na iyali, wanda mutum zai kama na awa guda ya kulle ƙofarsa. Shi na shiga. Gwiwar nan tawa da kuka san ina ɗingishi da ita, daren nan ban ji ta ba. Ban ce ta warke ba, domin ta dawo tun a jirgi.

Na kuma gwada wankan rairayi a wani tsohon gida mai suna Takegawara, wanda aka kafa a 1879, ginin da ke tsaye yanzu kuma na 1938 ne. Za a ba ka doguwar riga ka sa, ka kwanta, ma'aikata su bi ka da shebur suna tula maka baƙin rairayi mai ɗumi har wuya, ka yi kamar minti goma zufa tana karyo maka. Ina kwance ba na iya motsa ko yatsa, sai kabari ya faɗo mini a rai. A Kannawa kuma akwai ɗakin surace, inda ake kwanciya a kan wani ganye mai ƙamshi, kuma sun ce tun 1276 wani malamin addininsu ya kafa shi. Iyayenmu masu suracen zazzaɓi da wankan jego, kun ga ba ku kaɗai kuka san amfanin ruwan zafi ba.

Amma abin da na fi so shugaba ya ji shi ne wannan. Bayan manyan wuraren da baƙi ke zuwa, akwai ƙananan gidajen wanka na unguwa birjik a lunguna, kuma da yawansu mutanen unguwa ne suke riƙe da su. Kowane gida yana biyan kuɗin wata. Baƙo in ya zo, a wasu wuraren ba mai karɓar kuɗi, akwati ne a bakin ƙofa, ka jefa ka shiga. Su suke wanke wurin, su suke gyara bututu in ya toshe. A saman benen kuma, a wurare da dama, nan ne zauren taron unguwa. Allah ne Ya ba su ruwan kyauta, amma bututu da rufi da tsintsiya daga aljihunsu suke fitowa. Hukuma ma ta ware wuraren da ta hana haƙa sabuwar rijiya, don kada a zuƙe ruwan a bar jikoki da labari. Ina wannan kallo ina tuna rijiyar burtsatsenmu ta bayan masallaci, wadda ta yi wata huɗu a tsaye saboda kuɗin gyaran da bai kai kuɗin tunkiya biyu ba.

RANAR JUMA'A

Da safe na sayi tsarabar kwandunan gora, domin garin ya shahara da saƙarsu, sirara kamar saƙar faifai. Daga nan muka wuce masallaci.

Jami'ar da yaron yake an buɗe ta a shekarar 2000, kuma kusan rabin ɗalibanta baƙi ne daga ƙasashe daban-daban. Su da malamansu da 'yan kasuwa ne suka haɗa kuɗi suka sayi wani bene suka mayar da shi masallaci a 2008. Na yi sahu tsakanin ɗan Bangaladash da ɗan Uzbekistan, a gabana ga Bajapane. Bayan salla aka shimfiɗa leda aka kawo shinkafa. Uwar yaro, ga amsarki: ɗanki yana salla, yana cin halal, ya ma yi ƙiba.

A wajen cin shinkafar nan ne na ji abin da ya hana ni barci. A Japan fiye da kashi 99 cikin 100 na mamata ƙone su ake yi, haka al'adarsu take. Maƙabartun da Musulmi zai iya binne nasa 'yan kaɗan ne a duk ƙasar, kuma suna da nisa da Beppu. A 2018 ƙungiyar Musulmin garin ta sayi fili a cikin duwatsun wani gari maƙwabci mai suna Hiji. Wasu mazauna wurin suka ce suna tsoron gawa ta ɓata musu ruwan sha. Aka yi ta zama, aka sauya fili zuwa wani na hukumar garin, har a 2023 aka sa hannu a yarjejeniya da mutanen unguwar da ke kusa. Sai a watan Agusta na 2024 aka zaɓi sabon magajin gari wanda ya ce ba zai sayar da filin ba. Har na baro garin maganar tana tsaye. Wani dattijo da ya yi shekaru a can, 'ya'yansa duk can aka haife su, ya ce mini, “Alhaji, mun san inda za mu kwana yau, amma ba mu san inda za a kwantar da mu ba.”

Ban kawo wannan don in zagi mutanen Japan ba. Mutanen da suka gaya mini gaskiya a kan tukunyarsu, suka ba ni ɗakin wanka ni kaɗai, ba zan zage su ba. Tsoro ne na abin da ba su saba da shi ba, kuma Musulmin can da haƙuri da lallashi suke bin abin. Na kawo shi ne don mu dubi kanmu. Tun 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo. Sun sha irin wannan zama da masu gari kafin su sami inda za su yi salla da inda za su binne nasu. Mu mun tashi mun tarar da shi a shirye, shi ya sa muke ganin kamar daga sama ya faɗo. Yau katangar maƙabartarmu ta zube ta gefen yamma, awaki suna shiga, kuma takardun filin ban san a akwatin wa suke ba.

ROƘONA

Saboda haka, shugaba, abu uku nake roƙo a sa a ajandar taro mai zuwa. Na ɗaya, a nemo takardun filin maƙabarta da na masallaci, a kai wa lauya ya duba, a yi kwafi a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Na biyu, a yanka kuɗin wata a kan kowane gida don rijiya da katanga, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Ni na fara, kuɗin buhun siminti goma yana hannun ma'aji tun jiya. Na uku, in Babbar Salla ta zo, kowane maigida ya tuna da maƙwabcinsa Bayarabe ko Ibo a rabon nama, Musulmi ne ko Kirista. Ranar da magana za ta taso a kan fili ko kasuwa, wanda ya taɓa cin abincinka shi zai fara tsaya maka.

Ku kuma matasa masu son fita waje karatu ko neman kuɗi, ku tafi, Allah Ya ba da sa'a. Ku ci abincin mutane, ku cire takalmi inda suke cirewa, ku koyi gaisuwarsu. Abin da addini ya hana kuma ku faɗa da bakinku cikin ladabi tun kafin a zuba a kwano. Matambayi ba ya ɓata.

Na ga Malam yana duban agogo, Magariba ta kawo jiki. Kwandunan tsaraba guda shida ne, na ba shugabar mata ta raba, kada a zo gidana da ƙorafi. Abin da na faɗa daidai Allah Ya ba mu ladansa, inda na yi kuskure ku yafe mini. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba 'yan'uwanmu na Beppu mafita, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya bar zumunci.